Ruwan Tuffa da Gudawar Abba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni Abba ranar da na haife shi, ya sake ba ni shi ranar da muka fito daga asibiti. Sunana Rabi. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai ɗan abin da nake ƙarawa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Duk wadda ta ga kuskure a rubutun nan ta gyara a ranta ta wuce. Malamarmu ce ta ce in sa labarin a takarda saboda matan da ba su zo aji ba ranar da na ba da shi da baki.

Lokacin muna zaune a Gwarinpa, a ɗakin baya na gidan wata Hajiya mai aiki a ma'aikatar gwamnatin tarayya. Maigidana, Baban Abba, shi ne direbanta. Shekarun nan ne da mulkin farar hula ya zauna, kuɗi suka shigo gari, duk inda ka juya gini ake yi, kowa da wayar hannu manne a kunne. Ni kuwa daga Karshi aka kawo ni, kuma abin da na fi iyawa a Abuja shi ne kallo. Ina kallon yadda mutane ke ci, da yadda suke sa kaya, ina ajiyewa a raina.

Ran Asabar nakan shiga cikin gida in taya Hajiya gyaran kicin. A aljihun ƙasa na firjinta ba a rasa tuffa, ja da kore, kowace da ɗan tambarinta manne a jiki kamar an yi mata rajista. Alhaji, mijin Hajiya, yana da hawan jini, ga nauyin jiki. Kullum da safe zai zauna a baranda da 'yar wuƙarsa ya yanka tuffa ɗaya ya cinye. Cikin 'yan watanni na ga tumbinsa ya sauka, yana hawa bene ba ya haki. Sannan duk ranar da Hajiya za ta je dubiya asibiti sai ta aiki Baban Abba ya sayo tuffa. A garinmu kunu ake kai wa mara lafiya, a nan kuwa tuffa. Masu tallarta a goslo, inda motoci ke cunkushewa, su ma haka suke faɗa ta tagar mota, wai tana wanke jini, tana gyara ciki, tana ƙarfafa zuciya. Na haɗa wannan da wancan na yanke wa kaina hukunci: tuffa ce maganin masu kuɗi, shi ya sa 'ya'yansu ba sa mutuwa kamar namu. Ban tambayi kowa ba.

Abba yana da shekara ɗaya da wata biyu sa'ad da ciwon ya zo. Sunan surukina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Yaro ne mai kumatu, ya fara tafiya yana dafa bango, haƙoransa huɗu.

Makon farko ya fara ne ranar wata Talata. Jikinsa ya yi zafi, ya yi amai sau biyu, kafin azahar gudawa ta ɓalle. Hajiya ba ta gari, ta tafi kwas ƙasar waje na mako uku, an mayar da Baban Abba tuƙa Alhaji, yau Kaduna gobe Lakwaja. Da yamma ya je kemis ya kawo maganin zazzaɓi da wasu ƙananan ƙunshi na garin gishiri da sukari.

Ya ce, "Mai kemis ya ce a dama a ruwan da aka tafasa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kin ji ko, Rabi?"

Na ce na ji. Na dama, na kai bakin Abba, ya tofar ya kawar da kai yana kuka. Na ɗanɗana da kaina, na ji gishiri-gishiri, ba daɗi ko kaɗan. Sai raina ya ƙi abin. Na tuna irinsa ake raba wa mata kyauta a ɗakin shan magani na ƙauye. Na ce a zuciyata, ɗana yana kwana a Gwarinpa, bango ɗaya tsakaninsa da firji cike da tuffa, sai in ɗura masa ruwan gishiri? Na tura sauran ƙunshin ƙasan kwallata na rufe.

Washegari na ɗauki kuɗin kitson da nake yi wa matan layinmu na sayo tuffa ɗaya. Na yanka masa, ya ɗan gatsa, ya haɗiye gutsattsarin bai tauna ba, haka suka fito a kashinsa yadda suka shiga. Na tafi shagon Mama Ngozi da ke bakin layi sayen sabulu, na faɗa mata damuwata.

Ta nuna min kan kanta ta ce, "Akwai ruwan shi a kwali. Yara na masu kuɗi shi yana sha. Amma Maman Abba, idan yaro yana zawo, ka kai shi asibiti fa."

Ba zan ɗora wa matar nan laifi ba. Magana biyu ta faɗa min, na ɗauki wadda ta yi min daɗi na bar mata ɗayar a shago.

Kwalin dogo ne, da hoton jar tuffa tana raɓa. Na zuba a fida, kwalbar shan jarirai, na miƙa masa. Abba ya kama da hannu biyu ya shanye tas, ya ɗago yana lasar baki yana neman ƙari. Ba zan iya faɗa muku daɗin da na ji ba. Rana ta uku zazzaɓin ya sauka, na ce ai ga aikin tuffa nan. Gudawar ce dai ba ta tsaya ba. Ta ma canza kama, ta koma ruwa tsululu mai kumfa, cikinsa yana ƙugi, gindinsa ya yi ja har ya fara salewa. Na ce dattin ciki ne take wankewa, kamar yadda masu talla suka faɗa. Sai na ƙara masa.

A mako na biyu Inna ta zo daga Karshi. Inna mahaifiyar Baban Abba ce, kuma ban taɓa jin ta a matsayin suruka ba, don tun ina yarinya take sayen ƙuli-ƙuli wajen mahaifiyata tana ba ni gyara. Ta iso da ƙullin gero da daddawa, tun daga bakin get take kira.

"Ina mijin nawa? An ce min ya kwanta, ko dai guduna yake yi don bai kawo kuɗin cefane ba?"

Abba ya yi mata dariya, amma bai miƙe ya nufo ta ba kamar yadda ya saba. Ta ɗauke shi ta auna a hannu, na ga fuskarta ta canza. Ta sa yatsa a bakinsa ta shafa dasashi.

Ta ce, "Haƙori ne. Ubansa ma haka ya yi, sai da ya zama kamar tsinke." Ta shafa tsakar kansa. "Maɗigarsa ta faɗa, Rabi. Ba ki gani ba?"

Na gani mana. Kwana biyu ina kallon wurin yana lotsawa kamar an danna gwanda da babban yatsa. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da wani gari baƙi, ta kwaɓa da man shanu, ta shafe masa tsakar kai da shi, ya bushe ya yi ɓawo. Ni a raina ban yarda da shi ba, na ce wannan aikin ƙauye ne. Amma yaya zan buɗe baki in ce wa Inna kada ta yi wa jikanta magani?

Ita ma ta ga kwalayen da Abba ya shanye, don na jera su a kan taga, ina so duk wanda ya wuce ya san abin da ɗana yake sha. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta shinshina.

"Wannan fa?"

Na ce, "Ruwan tuffa ne, Inna. Irin wadda Alhaji yake ci ya warke."

Ta ɗan lasa a tafin hannunta ta yamutsa fuska. "Zaƙin bai yi yawa ba kuwa?" Sai kuma ta ajiye ta ce, "To, ku ne 'yan birni, kun fi mu sanin kayan zamani."

Daga baya ta faɗa min tun ranar hankalinta bai kwanta da shi ba, don ita a saninta ba a ba mai gudawa abu mai zaƙi. Kunyata ta ji, kada in ce ta zo gidan ɗanta tana raina min wayo. Ni ina jin nauyinta, ita tana jin nauyina, muka sa yaro a tsakiya kowa na girmama maganin ɗan'uwansa. Kullum da safe ita ta sabunta shafinta, ni in cika fidata.

Abba ya daina karɓar kunu. Nono ma sai ya ɗan tsotsa ya saki, don zaƙi ya riga ya cika masa ciki. Ina wanke nafkin har fatar yatsuna ta yi fari. Igiyar shanyarmu ba ta taɓa zama babu kaya ba. Ranar Alhamis Baban Abba ya dawo daga tafiya, ya ɗauki yaron, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ya rame da yawa. Kina dai ba shi na kemis ɗin nan ko?"

Na ce, "E, ina ba shi."

A duk abin da ya faru, wannan ƙaryar ce ta fi tsaya min a rai. Ba don in cuce shi na yi ba. So nake yaron ya warke tukuna, sannan in nuna masa kwalayen in ce ga abin da na yi da kuɗin kitsona, ya yaba min.

Ranar Litinin ta mako na uku, da safe, na kwance masa nafkin na ga kashi ne kawai, babu fitsari. Na yi lissafi, tun azahar ɗin jiya ban ga fitsarinsa ba. Ya buɗe baki yana kuka, amma muryar ba ta fita sosai, kuma babu hawaye ko ɗigo. Idanunsa sun shige ciki. Inna ta kaɗa masa carbinta, wanda kullum sai sun yi kokawa a kansa, bai ko ɗaga hannu ba.

Ta miƙe tsaye ta ce, "Rabi, ɗauko mayafinki. Nawa ya gaza, naki ma ya gaza."

Baban Abba yana Kaduna. Na tsaya wajen mai lema da ke ba da waya haya na kira shi, ya ce mu tafi yanzu-yanzu, zai roƙi Alhaji ya taho. Muka tari tasi zuwa asibitin gwamnati. A cikin jakata har da sabon kwali, don kada ya ji ƙishirwa a hanya.

Nan zan yi ƙorafi, kuma zan yi godiya, duk a wuri ɗaya. Mun tarar da layin yankar kati ya zagaya har bayan baranda, tagar kuma a rufe, wai mai yankar ya tafi karyawa. Mata suna zaune a ƙasa da yara, wasu tun asuba. Na je na ƙwanƙwasa tagar, wani mai gadi ya ce, "Madam, koma layi, kowa a nan mara lafiya ne." Muka tsaya fiye da awa guda. Wata mata da ke gabanmu, ɗanta ya karye a hannu, ta leƙa fuskar Abba a bayana ta ce in wuce gabanta. Ta gaba ma ta matsa. Ban san sunansu ba, ban san addininsu ba, amma har yau ina sa su a addu'a.

Ba mu kai tagar ba wata nas mai jiki ta zo wucewa da tire a hannu. Ta ga yadda kan Abba ke lilo a bayana, ta ajiye tiren a kan benci.

Ta daka min tsawa da Hausarta ta koyo, "Kai, madam, kana jira yaro ya mutu a layi? Kwance shi, biyo ni."

Tsawar ta yi min zafi a gaban mutane. Amma da za ta sake yi min ita yau, da na durƙusa na gode mata.

Likitar mace ce, Bahaushiya, ba za ta girme ni da yawa ba, da ɗan tabarau. Ta kwantar da Abba, ta kama fatar cikinsa da yatsu biyu ta ɗaga ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an tattare zane, ta daɗe kafin ta kwanta. Ta juya ta yi wa nas magana da Turanci da sauri. Suka nemi jijiya a hannu ba su samu ba, suka nema a ƙafa ba su samu ba. Yaron ko motsi bai yi ba da ana soka masa allura, kuma wannan ya fi kuka tayar min da hankali. Daga ƙarshe suka ce sai a kai. Nas ta kawo ruwan ɗumi da auduga ta goge shafin Inna tas, ta aske gefen kansa. Inna tana tsaye tana kallo, ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki.

Da ruwan ya fara ɗiga, likita ta ja kujera ta zauna ta dube ni.

"Maman Abba, me yake ci, me yake sha, tun da abin ya fara?"

Allah ya sani, har a lokacin da ɗan alfaharina na buɗe jaka na fito da kwalin. Na ce ba na ba shi komai sai mai kyau.

Ta karɓa ta karanta bayansa. "Kamar yaya yake sha a rana?"

"Fida biyar, wata rana shida."

"Kina sirka masa da ruwa?"

Na ce, "A'a, likita. Kada ƙarfin maganin ya ragu."

Ta cire tabaranta ta murza ido. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce gudawar farko irin wadda yara ke yi ce, da an ba shi ruwan gishiri da sukari da nono, da wataƙila cikin 'yan kwanaki ta wuce. Ta ce hanjin da ke ciwo ba ya iya ɗaukar zaƙi mai yawa haka. Zaƙin sai ya zauna a hanji ya riƙa jawo ruwan jikin yaro yana fita da shi. Wato duk fidar da na ba shi, ba ta tafi ita kaɗai ba.

Maganarta da ta zauna min har yau ita ce: "Tuffa abinci ce mai kyau, amma abinci ce, ba magani ba. Wannan na kwalin kuma an tace an zubar da tsakinta, zaƙin aka bar miki."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Na ce, "Likita, ni na kashe shi ke nan?"

Ta ce, "Ba ki gan shi yana numfashi ba? Zauna."

Sai Inna ta matso ta ce, "'Yar nan, ki faɗi nawa laifin ma. Kada ki ɗora wa yarinya ita kaɗai. Ni na shafa masa abin da aka goge."

Likita ta ce, "Mama, naki bai ƙara ba bai rage ba, lokaci kawai ya ci. Maɗiga ba ita ce ciwon ba. Idan ta lotsa, faɗa muku take yi ruwan jiki ya ƙare. Da ma kin fi kowa ganinta da wuri." Ta miƙe ta ce, "Yanzu abu ɗaya nake jira. Fitsari. Da zarar ya yi, a kira ni ko ina ina."

Ban taɓa sanin mutum zai zauna yana roƙon Allah fitsari ba. Ledar ruwa ta farko ta ƙare aka sa ta biyu. Bini-bini in sa hannu in taɓa nafkin, a bushe. Aka kira azahar, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyu Baban Abba ya shigo da gumi, ko hula babu. Ya tsaya a kan yaron, ya ga kan da aka aske da allura a jiki, ya juya ya fuskanci bango.

Na bi shi baranda na faɗa masa komai, har ƙunshin da ke ƙasan kwalla, har ƙaryar ranar Alhamis. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. 

Sannan ya ce, "Ni ma kawowa kawai na yi na ajiye miki na tafi, kamar saƙon Hajiya. Da na tsaya na ga ya sha." Ya ja numfashi. "Kuɗin kitson naki duka kika zuba a ciki?"

Na ce e.

Ya ce, "Allah ya shirye ki, Rabi. Share fuskarki, kada Inna ta ce na dake ki."

Bayan la'asar Inna ta ce a ba ta shi ta ɗan riƙe, bayansa ya gaji da katifa. Nas ta gyara igiyar ruwan ta ɗora mata shi a cinya, ta kwance nafkin don gindinsa ya sha iska. Inna tana sanye da sabuwar atamfarta, wadda ta ɗinka don zuwa Abuja. Tana shafa ƙafarsa tana yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, sai na ga ta katse waƙar, ta dubi cinyarta. Wani duhu yana yaɗuwa a kan atamfar.

Ta ce, "Rabi, zo ki ga abin da mijin nan nawa ya yi min. Wata uku ina tara kuɗin zanen nan." Hawaye na zuba a fuskarta tana dariya. "Ƙara, maigida. Ƙara, na yafe."

Baban Abba ya fita da gudu neman likita, har ya bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Matan da ke gadajen kusa suna ta yi mana barka kamar an yi haihuwa.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Babu wurin kwanan mai jinya, Inna a tabarma ta yi su a ƙasan gado, kuma sau biyu ana rubuta magani a ce babu a kantin asibiti, sai Baban Abba ya fita waje nema. Banɗakin kuwa ba zan bayyana shi a takardar da za a karanta a Islamiyya ba. Amma nas ɗin nan mai tsawa ita ta zauna ta koya min yadda ake ba da ruwan gishiri da sukari. Ashe ba a fida ake ɗurawa ba, ba kuma a kofi ba. Cokali ɗaya, a jira kaɗan, a sake cokali ɗaya. In ya tofar a sake. In ya yi amai a dakata jim kaɗan a ci gaba. Ta ce, "Ba daɗi zai ji ba, rai zai samu." Aka haɗa masa da wata 'yar ƙwaya mai suna zinki da ake narkawa a cokali, aka ce in ci gaba da ba shi nono sosai. Rana ta uku ya karɓi kunu. Rana ta huɗu ya fizge carbin Inna.

A ranar ce Hajiya ta zo dubiya, kwana ɗaya da saukarta. Me kuke tsammani ta riƙo? Tuffa, cike da leda. Ina ganin ledar na janye Abba na rungume. Da ta ji labarin ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Haba Rabi. Tuffa ce kika ga ta warkar da Alhaji? Mutumin da likita ya raba da lemon kwalba da soyayyen nama, yake zagaye unguwa da ƙafa bayan sallar asuba, yake haɗiyar ƙwaya kullum? Tuffar nan don ta hana shi cin cincin da safe ce. Me ya hana ki tambaye ni?"

Na ce kunya. Inna ta ce, "Ciwon gidanmu ke nan, Hajiya."

Likita ta ce kada in tsani tuffa. In cikinsa ya daidaita, in fere ta in gurza ko in dafa ta yi laushi in ba shi kaɗan. Ta ce tana taimaka wa ciki ta ƙara lafiya, kamar gwanda da ayaba da mangwaron da ke zuba a Karshi ba mai ɗauka.

Da muka koma gida na kwashe kwalayen taga na zubar, na bar guda ɗaya. An ce kowane ƙunshi a lita ɗaya ta ruwa ake dama shi, ni kuma ban san lita ba, sai Hajiya ta nuna min a jikin kwalin an rubuta lita ɗaya ne. Na cika shi da ruwa na juye a jug ɗina, Baban Abba ya karce daidai wurin da wuƙa. Amfanin da kwalin ya yi mana ke nan. Jug ɗin yana nan, matan layinmu suna aikowa a ara.

'Yan'uwana mata, abin da zan ce kaɗan ne. In yaro yana gudawa, ku duba fitsarinsa, ku duba hawayensa, ku duba maɗigarsa. Kada ku raina abu don an ba ku shi da araha. In kuma ke da surukarki kowa na shakkar maganin wani, ku faɗa wa juna, kunyar ba ta kai yaron ba.

Mako biyu bayan sallamarmu, ranar da Inna za ta koma Karshi, kumatun Abba sun fara dawowa, gashin gefen kansa ya fara tsiro. Na ɗauko tuffa ɗaya daga cikin na Hajiya, na cire tambarin, na fere, na gurza rabi a abin gurza kuɓewa.  Inna ta ce ba za a sa wa mijinta abin da ba ta ɗanɗana ba. Ta karɓi ɗaya rabin ta gatsa, karo na farko a rayuwarta. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, muna kallonta.

Ta ce, "Wannan ce? Duk wahalar nan a kan wannan? Wallahi gwaibar bayan gidana ta fi ta ƙamshi."

Ba ta rufe baki ba Abba ya saki bango, ya tako taku uku ba dafawa, ya faɗa cinyarta ya ƙwace sauran daga hannunta.